Bangon da Ke Bayan Kabad

Bayan rasuwar mijinta da shekara biyu, Umma ta yarda ta koma wajen Auta, 'yarta ta ƙarshe. Ba gidan ne ya ishe ta ba. Gwiwoyi ne suka fara yi mata gardama, ko sharar tsakar gida sai ta zauna ta huta kafin ta kai ƙofa. Maganar sayarwa kuwa ta ce kada wanda ya sake tayar da ita. Aka tsaya a kan haya.

Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Yaya, har ita kanta, shi ya kawo dillali ya duba gidan. Mutumin ya shiga yana ƙwanƙwasa bango yana kallon silin. Da ya zo ƙofar kicin ya tura, ta ƙi buɗuwa.

"Ɗaga ta za ka yi," in ji Umma, "sai ka ɗan taimaka mata da gwiwa."

Ya murɗa famfo, shiru. Ta ce wannan baibai ake juya shi. Ya danna makunnin falo, sai fitilar baranda ta kama.

"Mama," in ji dillali yana share gumi, "duk wanda zai zauna a gidan nan sai an haɗa shi da malamin da zai koya masa."

Duk aikin marigayi ne. Direban babbar mota ne shi, kuma tun da ya ajiye tuƙi ya rantse babu mai gyaran da zai taka masa gida yana da hannu biyu. Yana da wani akwatin ƙarfe cike da ƙusoshi lanƙwasassu da guntayen waya. Abin da ya lalace zai gyara shi, ya kuma yi aiki, sai dai ba yadda aka saba ba. Yara suka laƙaba masa Injiniya, da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har in baƙo ya kira shi da shi sai ya gyara zama.

Masu gyara suka fara zuwa. Kafinta ya cire ƙofar kicin, ya fere gindinta, ya mayar, ta koma buɗuwa da ɗan yatsa. Mai famfo ya sauya kan famfon. Mai lantarki ya buɗe makunnin falo, ya daɗe yana kallon wayoyin, sannan ya ce Allah ya jiƙan wanda ya yi wannan, jarumi ne. Umma tana zaune a kujerar roba a tsakar gida tana kallon kowa. Ba ta hana ba, ba ta kuma yaba ba. Ranar ta zo shiga kicin da tire a hannu, ta sa gwiwa kamar kullum, ƙofar ta wangale, saura kaɗan ta kifa.

"An mayar da ni baƙuwa a gidana," ta ce wa Auta, wadda ta ɗauki hutu ta zo taya ta haɗa kaya.

Mai fenti ne ya zo ƙarshe. Dattijo ne marar yawan magana, hularsa ta sha ɗigon fenti har ba a gane asalin launinta. Yaya ya ce masa ko'ina ruwan madara, haka dillali ya ce 'yan haya suka fi so. Sai da ya bi ɗakunan yana zare ƙusoshi, yana toshe ramukan, yana gogewa da samfefa. A falo, inda danshi ya tayar da fenti kusa da taga, ya sa ƙarfe ya kankare. Ƙarƙashin koren da ke sama sai ga ruwan hoda, ƙarƙashinsa kuma ga rawaya.

Auta ta durƙusa tana taɓawa. "Yaya, zo ka ga. Koren nan na lokacin aurenka ne."

"Ruwan hodan kuma naki ne. Da aka haife ki babanmu ya shafa, wai ya yi 'ya mace. Abokaina sun daɗe suna yi mini dariya."

"Rawayan fa?"

"Ragowar fentin motar kamfaninsu ne," in ji Umma daga bakin ƙofa. "Wata guda muna kwana da taga a buɗe."

A falon saura bango ɗaya, wanda babban kabad ɗin Umma ke jingine da shi. Kabad ne na katako mai nauyi, mai ƙofofin gilashi, cike da faranta da kofunan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Auta ta kwashe su cikin kwalaye. Yaya da mai fenti da wani maƙwabci suka kama, suna nishi, suka ja shi tsakiyar falo.

Kowa ya zuba wa abin da ke bayansa ido. Bangon shuɗi ne, daidai tsayi da faɗin kabad ɗin, kamar an auna da tef. A gefe-gefe ana ganin inda buroshi ya zo ya tsaya, rawaya ya tsaya, ruwan hoda ya tsaya, kore ya tsaya.

Umma ta matso a hankali. Ta kalli bangon, ta kalli kabad, sai ta dafa kafaɗar Auta.

"Kun san duk sanda babanku zai yi fenti, gidan yayata yake tura ni, wai warin zai tayar mini da tari. In na dawo sai in ce, Malam, ka dai janye kabad? Ya ce har bayansa, ba ki ga yadda nake tafiya ba? Ya riƙe ƙugu yana ɗingishi." Ta girgiza kai. "Ni kuwa in dafa ruwa in gasa masa baya, in shafa masa man zafi, ina ta sannu. Sau uku mutumin nan yana karɓar sannuna."

Dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a kan kwali, tana share ido da bakin mayafi. Yaran suka taya ta, mai fenti ma ya juya baya kafaɗunsa na motsi. Can dariyar ta lafa, amma idon bai daina kawo ruwa ba, aka bar ta.

"Haka gidan yake ranar da muka shigo," ta ce bayan wani lokaci. "Ko'ina shuɗin nan. Na ce masa ni kam kamar asibiti. Ba mu da komai sai katifa da risho da rediyonsa. A nan ƙasa muke zama mu jingina, mu sha shayi a kofi ɗaya don ɗayan ya fashe a hanya. Kai Yaya, da wannan bangon ka koyi tafiya, kana dafawa kana bi har lungu. Kabad ɗin daga baya ya zo, a bayan motarsa, unguwa duk ta fito kallo."

Yaya ya duba agogo. Ba rashin tausayi ba ne, ya riga ya yi wa mai haya alkawarin zai zo ganin gida ƙarshen mako. Mai fenti ya lura da shi.

"Akwai ɗakunan ciki ban yi wa fenti ba," ya ce. "Bari in fara da can. Falo ba gudu zai yi ba."

Auta ta ce ko a mayar da kabad ɗin a bar wa 'yan haya, bangon ya zauna yadda yake.

"A'a," in ji Umma. "Kabad nawa ne, da shi zan tafi. Kuma ba za a ba mutane gida da aiki rabi ba. Babanku ya yi nasa wayon, ya isa."

Washegari da safe Auta ta fito ta same ta zaune a ƙasan falo, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da shuɗin, kofin shayi a hannu. Auta ta haɗo nata ta zo ta zauna kusa da ita. Suka sha suna jin mai fenti yana jan tsani a ɗakin ciki. Da za a tashi sai da Auta ta kama ta da hannu biyu.

"Wancan lokacin tsalle ɗaya nake yi," in ji Umma. Ta ɗaga murya. "Malam mai fenti, kawo mini abin shafawar nan."

Ya kawo rola da bokiti. Ya nuna mata kada ta cika tsomawa, ta riƙa bi daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba. Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta fara. Ta shafe iya inda hannunta ya kai, shi ya ƙarasa saman. Da ya sha iska sai ga shuɗin yana leƙowa ta ƙarƙashin ruwan madarar.

"Sai an ƙara masa hannu na biyu, Mama. Tsohon fenti ne mai kyau."

"Taurin kai dai," ta ce. "A gidan ya koya."

Hannu na biyun ma ita ta yi, da yamma, fenti har a goshinta.

Mai hayar malamin makaranta ne, ya zo da matarsa tana goye da jariri. Suka zaga ko'ina, ya buɗe ƙofofi, ya murɗa famfo, ya ce shi kam bai ga abin kushewa ba. Yayin da mazan ke magana a waje, Umma ta ja matar gefe.

"'Yata, ɗakin ƙarshen can shi rana ke fara shiga, nan za ki riƙa kwantar da yaron. In hadari ya taso ta gabas, tagar kicin za ki fara rufewa. Matar gidan da ke kallonku kuma za ta shigo gaisuwa. Mutuniyar kirki ce, amma in kina da aiki kada ki ba ta kujera."

Matar ta yi dariya, ta ce in Allah ya so Mama za ta riƙa leƙo su. Umma ta ce to, ta shafa kan jaririn.

Ranar tashi, motar kaya ta yi gaba, Umma ta shiga gaban motar Auta da jakarta a cinya. Auta ta tayar da mota amma ba ta ja ba.

"Umma, ko za ki sake shiga ki duba?"

"Na duba. Ya yi kyau ƙwarai, kamar gidan wasu." Ta gyara zaman jakar. "Mu je, kada masu kayan nan su riga mu su fasa mini gilashi wajen saukewa."