Baƙar Leda a Fitilar Baba

Mai Leda na durƙushe gaban wata jar mota yana bin gefen fitila da reza sai ya ji ƙarar bas ɗin surukinsa. Ko daga barci aka tashe shi ya san wannan ƙara. Ya ɗaga kai ya ga farar bas ɗin ta shigo layin masu gyara tana jan jiki, ta wuce rumfarsa, ta dawo da baya, ta tsaya da taya ɗaya a kan tiyon iskar maƙwabcinsa Mai Faci.

"Baba, tiyona! Da shi nake ci!" in ji Mai Faci.

Tsohon bai ko waiwaye shi ba. Ya sauko, ya kulle ƙofa, ya jefa makullin cikin aljihun gaba, inda yake kwana yake tashi. Mai Leda ya ajiye reza, ya goge hannu a wando, ya rusuna ya gaishe shi. Tun da ya auri 'yar mutumin nan, tsohon bai taɓa tako rumfar ba. A wurin Baba, liƙa wa fitila leda ba sana'a ba ce, shashanci ne. Ko a gaban baƙi cewa yake, "Ga mijin 'yata, mai sa wa motoci kwalli. Masu ƙera mota sun ba ta ido, shi kuma yana rufewa."

"Baban Gimbiya," in ji tsohon, "leda za ka sa mini."

"A gilashin gefe, Baba? Saboda rana?"

"A fitila. Mai duhun nan da samari ke yi."

Mai Faci ya saki baki. Mai Leda ya yi ɗan murmushi yana jiran ƙarshen ba'ar, amma ba'a ba ta zo ba. Ya ɗauko guntayen ledojin da yake nuna wa masu mota, ya ɗaga su a rana ɗaya bayan ɗaya: ga mai ruwan hayaƙi, ga rawaya, ga baƙa wuluk. Baba bai tsaya dubawa ba.

"Wadda ta fi duhu. Ka gama kafin a tashi yara." Ya matso, ya rage murya. "In an tambaye ka, ka ce kai ka matsa mini."

Yana faɗin haka ya juya ya nufi masallacin bakin layi, ya bar Mai Leda da leda a hannu.

Da wannan bas Baba ke kai yaran unguwa makaranta ya ɗauko su. A cikinsu har da 'yar Mai Leda, wadda kakanta ya raɗa wa Gimbiya don ba ta yarda ta zauna ko'ina sai kujerar gaba, kusa da shi. Kome tsohon ke ɓoyewa, a cikinsa yarinyar ke zama safe da yamma, kuma yau ma nan da jimawa kaɗan za ta shiga. Wannan ne ya tsaya wa Mai Leda a rai.

Ya ɗauki gorar ruwan sabulu ya fesa wa fitilun, ya shiga wankewa. Aikin leda ba ya son ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a ƙasa, sai ta fito kamar ƙurji a goshi. Saboda haka hannunsa ya saba bin kowane lungu, kuma hannun ne ya fara ji kafin ido ya gani. A kusurwar fitilar dama akwai tsaga, siririya, sabuwa, ko datti bai shige ta ba. Ƙasa da ita, a jikin bamba, an shafa farin fenti da burushi, irin fentin ƙofa, an yi shi cikin sauri har ya zubo ya bushe.

Baba da fentin ƙofa! Mutumin da in tsuntsu ya yi wa bas ɗinsa kashi sai ya tsaya ya wanke kafin ya ci gaba.

"Ka gani ko?" Mai Faci ne a kansa, hannu a ƙugu. Ba a banza 'yan layin ke ce masa Rediyo ba. "Shekaranjiya wata mota ta kwashe mai keke a shataletalen can, ta gudu. Yana asibiti, ƙafa ta karye. Ka san launin motar?"

"Ban sani ba, ba na kuma son sani."

"Fara ce. Bas."

"Farar bas nawa ce a garin nan?"

"Da yawa. Amma guda nawa ce ta zo a rufe mata ido yau?" Ya duƙa ya shinshina fentin. "Ni dai ban ce kome ba. Amma ranar da 'yan sanda suka zo, wa ya liƙa ledar? Kai. Wa ya ce a ce shi ya matsa? Kai. Surukin nan naka ya fi ka wayo, malam."

Mai Leda ya kore shi da tsumma, amma maganar ta riga ta shige. Ya koma bayan rumfa ya kira matarsa.

"Lafiyar Baba kuwa kwanan nan?"

"Me ka gani?" ta ce da sauri.

"Tambaya na yi."

"Ni ma ban gane masa ba. Makaranta ta ƙara darasin yamma, sai wajen magariba za a riƙa tashi daga sati mai zuwa, shi kuma ya ce ba zai yi wannan ɗaukar ba, ya ƙi faɗin dalili. Iyayen yara sai kiran Mama suke. In ya dawo gida sai ya daɗe a cikin bas shi kaɗai. Jiya ma ya wuce Mama a bakin hanya tana ɗaga masa hannu, ko tsayawa bai yi ba, har yanzu fushi take. Wani abu ya faru ne?"

"Babu kome. Ya zo gaisuwa ne."

"Baba? Rumfarka? Kai dai faɗi gaskiya."

Ya ce mata ana jiransa, ya kashe wayar. Tsoro ya kama shi sosai, ga kuma haushi. Mutum ya yi shekaru yana raina sana'arka, ranar da ya tashi tunawa da kai sai don ka rufe masa ɓarna. Amma ta yaya zai dubi uban matarsa ya ce, Baba, kun kaɗe mutum? Bakinsa ba zai iya ba.

Sai ya yi abin da mai jan lokaci ke yi, ya fara da fitilar hagu, mai lafiya. Ya yanko baƙar leda, ya ɓare bayanta, ya jiƙa ta da ruwan sabulu, ya ɗora. Ya ɗauki tsohon katin banki da ya naɗe da tsumma ya riƙa tura ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Inda fitilar ta lanƙwasa ya kunna injin hura zafi, ledar ta yi laushi, ya ja ta, ta kwanta luf. Ya bi gefe da reza. Duk da abin da ke ransa aikin ya fito tsaf, babu kumfa ko ɗaya, har ya ji haushin kyan da ya yi.

Ya tsaya gaban ta dama, mai tsagar, leda a hannu. In ya rufe ta, ya shiga ciki. In ya ƙi, me zai ce? Yana cikin wannan sai aka ɗauke wuta. Injin Mai Faci ya yi tari ya mutu, layin duka ya ɗauki salati da tsaki. Mai Leda kuwa bai taɓa jin daɗin ɗauke wuta irin na yau ba. Ya ajiye ledar. Bas ta tsaya da ido ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya fari tas yana ƙyalli, kamar wadda aka naushe.

A haka Baba ya dawo ya same ta.

Mai Leda ya buɗe baki zai ba da haƙurin wuta, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ja da baya ya tsaya gaban bas, hannuwa a baya, irin tsayuwar da yake yi in zai kushe abu. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce. "Ba laifi. Ashe ka iya wani abu. Sun yi daidai da juna, ba ka ce ga wadda aka fara ba."

Mai Faci ya yi dariya. "Kai Baba, ba ku rabo da wasa. Ai ɗaya ce kaɗai aka..."

Mai Leda ya take masa ƙafa. Ya dubi fuskar surukinsa yana neman alamar zolaya, bai samu ba. Abin da ya samu, yanzu da ya kalle shi ido cikin ido karo na farko cikin shekaru, wani fari-fari ne kwance a tsakiyar ƙwayar idanun, kamar an ɗiga madara a shayi. Tiyon da aka taka, guntayen ledar da aka ƙi dubawa, Mama a bakin hanya, duk suka dawo masa lokaci guda.

Baba ya ji shirun ya yi yawa. Ya matso, ya duƙa, ya dafa fitilar hagu. Tana da ɗumi, yatsansa ya bi bakin ledar. Ya miƙa hannu ya dafa ta dama. Sanyi ƙalau, da sauran danshin sabulu, ga tsagar a ƙarƙashin babban yatsansa. Hannun ya tsaya a nan bai motsa ba.

Mai Faci ya tuna yana da taya a ruwa, ya sulale.

"Bambar fa, Baba?" Mai Leda ya tambaya a hankali.

"Ginshiƙin ƙofar makaranta." Tsohon bai ɗago ba. "Yara sun riga sun sauka. Tun kafin a haifi matarka ginshiƙin nan yake wurin. Ban gan shi ba."

"Ba mai keke ba?"

"Wane mai keke?"

"Wasu ma sun ce tanka ce ta kaɗe shi," in ji Mai Faci daga rumfarsa, ba tare da ya juyo ba.

Baba ya miƙe da ƙyar ya zauna a kan bencin masu jira. "Da rana ina lallaɓawa, hanyar a kaina take. Amma rana na yin ja, shi ke nan, kome ya haɗe. In na ce ba na gani da magariba, gobe ba mai ba ni ɗansa ko da safe. In na ce fitila ce ba ta haske, yaron nan ya liƙa mata shirmensa..." Ya juyo wajen Mai Leda. "Ai kowa ya san ka."

Da a ce jiya ne, da maganar ta yi wa Mai Leda zafi. Yau tausayi ne ya cika shi, tausayin da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya tuna kujerar gaba, da yadda Gimbiya ke ɗora ƙafafu a kan jakarta tana ba kakanta labari, shi kuma yana lallaɓawa.

Ya sa farce a gefen ledar hagu tun tana da ɗumi, ya ɗago ta. Ta biyo hannunsa da ɗan ƙara, ya dunƙule ta ya jefa a kwali. Baba ya ji ƙarar, bai hana shi ba.

"Lokacin tashin yara ya yi," in ji tsohon. Ya miƙe, hannunsa ya tafi aljihun gaba.

Mai Leda ya riga shi isa ƙofar direba. Ya rusuna kamar mai gaisuwa, ya tara hannu biyu.

"Baba, ku kawo in ja. Na taɓa fitilun nan, ina so in gwada su a hanya."

"Fitila? Da rana tsaka?"

"Haka aikin yake. Yau da gobe da jibi, sai an yi ta gwadawa. Ranar da za mu je asibitin ido ma a gwada." Ya ƙara rusunawa. "In an tambaye ku, ku ce ni na matsa muku."

Tsohon ya tsaya, hannu a aljihu. Makullin nan ko ɗan cikinsa bai taɓa riƙe shi ba. Layin ya yi tsit saboda rashin wuta, har ana jin kumfar tayar Mai Faci a cikin ruwa. Can ya zaro shi, ya miƙa, ya ɗan kauce wa tafin da aka tara masa. Mai Leda ya matsar da hannunsa ƙarƙashin makullin ba tare da ya nuna ya matsar ba.

Baba ya zagaya ta gaban bas yana shafa jikinta, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya hau kujerar Gimbiya. Ya gyara zama, ya dubi gilashin gaba.

"Giya ta biyu tana da gardama, kada ka yi mata ƙarfi," ya ce. "Kuma in mun isa, kai za ka gaya wa Gimbiya ta koma kujerar baya. Ni ba zan iya ba."