Hasken da Souwaiba Ta Gano

Souwaiba ta sake danna maɓallin, ta ƙura wa ordinatar, wato kwamfutarta, ido. Da ta ce manhajar ta haɗa ƙwayoyin hoton huɗu-huɗu, ɗigon hasken ya fito ras. Da ta ce ta haɗa biyar-biyar, sai ya ɓace.

Hoton daga wani babban madubin hangen taurari aka aiko shi, kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne: yana da tsawo, da faɗi, da zurfi na launuka. Kowace ƙwaya ita kaɗai duhu ce da hayaniya, sai an juye da yawa wuri guda, kamar mai tara gero kofi-kofi cikin tiya, kafin raunanan haske su bayyana. A kan wannan ɗigon ta gina kundin digirinta na dakta, malamarta a Faransa har ta sa hannu. Ta zo gida Dagmanet ne ta huta kafin ranar kare shi.

A tsakar gida kuwa ana ta shimfiɗa tabarmi. Mahaifinta, Malam Illiya maƙerin azurfa, mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Tun shekaranjiya ya bi unguwa ƙofa-ƙofa cewa ɗiyarsa ta gano tauraro, a zo addu'a bayan la'asar.

Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya. Souwaiba ta share gumi, ta buɗe layukan manhajar, waɗanda ita ta rubuta su da hannunta, tana bi ɗaya bayan ɗaya. Can ta gani. Launukan ba su rabu huɗu-huɗu daidai ba, biyu sun yi saura a gefe. Manhajar ta cusa su cikin rukunin ƙarshe, ya zama shida, amma ta raba da huɗu. Dole wurin ya fi ko'ina haske.

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Shekara uku ke nan tana lallashin kuskurenta tana kiransa haske. Kuma babu wanda ya lura, ko malamar. In ta yi shiru, shi ke nan an wuce wurin.

Ta gyara layin. Ta haɗa huɗu-huɗu, ta haɗa takwas-takwas, ta koma uku-uku, ko Allah zai sa. Babu komai. Kafin batiri ya mutu ta rubuta wa malamar saƙo, ta bayyana kuskuren, ta roƙi a ɗaga ranar don za ta sake aikin daga tushe. Ta tura.

Malam Illiya ya ɗaga labule, cikin babbar rigarsa ta Juma'a.

"Ɗiyata, liman ya iso. Taho da injin naki, a nuna masu tauraron."

"Babu shi, Baba."

"Mi? Ina ya tafi?"

"Dama can babu shi. C'est une erreur, kuskurena ne. Lissafina ya sa shi wurin, yanzu na cire."

Tsohon ya ji sallamar baƙi tana ƙaruwa a waje. Kunya ta kama shi, tausayinta ya fi kama shi.

"Su ba su san lissafin sama ba," ya ce a hankali. "Bari in ce kuran ne ya hana."

"A'a, Baba. Ni zan gaya masu."

Ta rufe ordinatar, ta ja mayafinta, ta riga shi fita.