Mai Wankan Gawa da Ƙirjin Roba

Tun ranar da aka fara horon babu wadda ta yarda ta zauna kusa da Rahmatu. Benci guda ita kaɗai a kansa, sauran mata sun gwammace su matsu a baya suna zufa. Ba wari take ba, ba kuma wata cuta gare ta ba. Laifinta ɗaya ne: ita ke wanke gawar mata a Kurawa, aikin da ta gada wurin mahaifiyarta.

Wata ƙungiya ce ta tara su a wani ajin makaranta a Isa, maza da mata daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni, don koya musu taimakon gaggawa. Dalili a fili yake. Kafin a samu mota, kafin direba ya yarda ya hau hanyar da kowa ke tsoro, mai numfashi sama-sama ya riga ya cika. Wanda ya ci jarrabawa zai karɓi takardar shaida da jakar kayan aiki, a riƙa kiransa idan wani ya yanke jiki. Wanda bai ci ba ya koma gida hannu rabbana.

Rahmatu tana son takardar nan fiye da yadda take iya faɗa. Ta gaji da a kira ta bayan komai ya ƙare. Sau da yawa ta shiga ɗaki ta tarar da jiki da sauran ɗuminsa, dangi sun zagaye shi suna salati, babu wanda ya gwada komai. Ko sau ɗaya tana so a kira ta da wuri.

Ɗaurin rauni bai ba ta wuya ba, haka tsayar da jini. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne mutum-mutumin roba da ake koyon farfaɗo da zuciya a kansa. Ƙirji ne da kai, babu hannu babu ƙafa. Idan aka danna shi yadda ya kamata sai ya yi ƙara, ƙas. A hannun kowa yana yi, har da yarinyar da ba ta kai buhun gero nauyi ba. A hannun Rahmatu shiru.

Malamin nasu, Jamaluddeen, ma'aikacin jinya ne, siriri mai ƙatuwar murya, irin mutanen da ke ganin duk ɗan ƙauye ya zo duniya ne don ya ɓata musu lokaci.

"Inna, danna nic ce miki, ba lallashi ba!" in ji shi. "Wagga roba ba ɗiyakki ba ta."

Aka kwashe da dariya. Rahmatu ta haɗiye ta sake gwadawa. Ƙarfi tana da shi, mace ce mai surfa gero tun asuba. Amma da ta ga jiki kwance ba motsi, sai hannun ya yi laushi da kansa. Tun tana budurwa uwarta ke buge mata yatsu idan ta matsa gawa da ƙarfi, tana ce mata mamaci ma ana jin kunyarsa, ba a gwada masa ƙarfi. Abin ya zauna mata a jiki. Ranar farko ma da ta ga ƙirjin a buɗe gaban maza, ba ta san lokacin da ta yafa masa gefen mayafinta ba, Malam ya fizge ya jefar mata.

Duk ajin babu mai tsanarta kamar Bilkisu. Garinsu ɗaya, unguwa ɗaya, matashiya ce da ta gama sakandare, tana amsa tambaya tun kafin Malam ya rufe baki. A bara Rahmatu ce ta wanke mahaifiyar Bilkisu. Tun daga ranar yarinyar ba ta sake kallon hannunta ba, kuma ko ruwa ta miƙa mata ba ta karɓa. Rahmatu ta gane ciwon, ta yi ta haƙuri. Sai dai haƙurin nata bai hana Bilkisu goge robar da tsumma a gaban kowa duk lokacin da ta taɓa ta ba.

Ranar jarrabawa Rahmatu ta tashi da tsoro. Ko kunu ta kasa sha. Ita da take shiga ɗakin da maza ke gudu, yau ga ta tafin hannunta yana gumi saboda guntun roba. Abin ya ba ta haushi, haushin kuma bai rage tsoron ba.

Malam ya ce biyu-biyu za a yi, mutanen gari ɗaya tare, tunda tare za su yi aiki. Ɗaya ya danna ƙirji, ɗaya ya hura iska da 'yar jakar roba, sannan su yi musanya. In ɗaya ya kasa, duka biyun sun kasa.

Bilkisu ta miƙe zumbur. "Malam, a canza mani. Ni ba ni yi da ita."

"Kurawa mata nawa ta aiko? Ku biyu na. Ko ki yi ko ki tahi gida."

Ta zauna tana huci. Ta karkato kai ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna Rahmatu, in kika sa na hwaɗi, wallahi ba ni yahe miki. Mi ma ya kawo ki nan? Ke ai naki aikin sai an gama."

Rahmatu ta gyara ɗaurin zaninta ta jira a kira su.

Da aka zo kansu, Bilkisu ta fara. Gaskiya ta iya. Robar ta yi ta ƙara a jere, ita kuma Rahmatu ta ɗaga haɓar ta matsa jakar iska, ƙirjin ya tashi daidai. Malam ya gyaɗa kai. "Ku canza."

Rahmatu ta durƙusa. Ta ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjin, ta miƙe gwiwar hannu kamar yadda aka koya mata, ta yi bisimilla a ranta, ta danna. Shiru. Ta sake. Shiru. Tana jin idanun ajin a bayanta. Wani daga bayan maza ya yi tsaki.

"Tana tahiya, Inna," in ji Malam, yana duban agogonsa. "Wagga mata tana mutuwa hannunki."

Bilkisu ta ajiye jakar iskar a ƙasa. Ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa zai ji.

"A ɗebo mata ruwa da sabulu. Ta samu wadda ta iya da ita. Dama haka take so, a mutu a kira ta."

Ko Malam bai yi dariya ba.

Fushi ya taso wa Rahmatu. Haka take so? Ita da take komawa gida ta kasa cin tuwo, ita da ta wanke ƙanwarta da 'yarta da hannun nan? Ta dubi fuskar robar, sai ta daina ganin mamaciya da ake jin kunyarta. Ta ga mace ce kawai ke neman tsere mata, a sake barin ta da ƙwarya da likkafani da bakin mutane. Ta sakar mata nauyinta duka.

Ƙas.

Ta sake, ƙas. Kafaɗunta suka kama aikin kamar tana kan turmi, tana ƙirgawa da ƙarfi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Da ta kai wurin hura iska ta ɗago ta zuba wa Bilkisu ido.

"Ɗauki jakar."

Bilkisu ta tsaya sororo.

"Ɗauki, nic ce! Ko ke ka son ta mutu?"

Yarinyar ta rarumo jakar ta matsa. Ƙirjin ya tashi. Suka ci gaba a haka, ba mai duban wata, har Malam ya ce ya isa. Rahmatu ba ta ji ba, sai da ya maimaita da tsawa sannan ta janye hannu.

"Kun ci," ya ce, kamar ana cire masa haƙori. "Na gaba."

A waje, ƙarƙashin dalbejiya, Rahmatu ta zauna a ƙasa. Murna take so ta yi, amma fushin bai gama sauka ba. Bilkisu ta fito ta tsaya nesa da ita, ido jajir.

"Kin ci, to. Amma ki ji da kyau, Inna. Ran da duk na hwaɗi, ko kowa babu garin, kak ki taɓa ni da hannun nan."

Rahmatu ta ɗago ta dube ta tun daga ƙafa har kai, ba gaggawa.

"Bilkisu, in dai Kurawa kike kuma ina da rai, hannun ga sai ya taɓa ki. Babu wata mai yi sai ni. Ki roƙi Allah dai a kira ni tun kina da sauran numfashi."