Malama Yudron Ta Zo Gaisuwa

Tun daga haushin karenmu na san ba ɗan gari ba ne. Ina leƙawa sai ga Malama Yudron, malamar 'yata Metok a makarantar kwana ta birni, tsaye a bakin shinge da ledar lemu. Malama a ƙauyenmu, ana tsakiyar hutun sanyi, wai gaisuwa ta zo?

Kowace safiya Metok tana zuwa rumbun ciyawar tsoho Lodro, inda yake koya wa yara rubutun yarenmu na Tibet a kan allon da aka barbaɗa wa toka. A makaranta Sinanci ne daga tashi har kwanciya. Hukuma ta hana irin karatun Lodro, kuma bara aka rufe na ƙetaren rafi saboda wani ya kai gulma.

Na ja Metok bayan murhu. "Wanke hannunki. Kuma ko kalma ɗaya kada ki yi mata da yarenmu."

Na zuba wa baƙuwar shayin man shanu. Ta kurɓa, ta yaba da yarenmu tsantsa, irin na kakanni. Wannan ma bai kwanta mini ba.

"Yaya, ina Metok take zuwa da safe?" in ji ta.

"Kiwo."

"A cikin wannan ƙanƙarar?"

"Shanunmu ba su san hutu ba, Malama. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta juya ta tambayi Metok lafiyarta da yarenmu, yarinyar ta amsa da Sinanci, kanta a ƙasa. Sai Malama ta kamo hannunta tana duba farce.

"Toka ce wannan?"

"Murhu take kwashe mini," na yi maza na ce.

Da na raka ta shinge, ta tsaya ta rage murya.

"Yaya, rubutunmu daga layin sama ake fara shi. Haka Metok take fara kowane harafi yanzu, har na Sinancin. Na san wani yana koya mata." Ta ƙara matsowa. "Ba sunan kowa nake nema ba. Saboda ɗana na zo. Rannan mahaifiyata ta ce masa ya zo ya ci abinci, ya juyo ya ce in fassara masa. Ki karɓe shi hutun nan kawai, ya riƙa bin Metok."

Idonta ya ciko. Ni ma tausayi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. To amma in tarko ne fa? Lodro ya tsufa, ba zai jure tambayoyin 'yan sanda ba, kuma ban da rumbun nan yaranmu ba su da wani wuri.

"Malama, mu nan kiwo kaɗai muka iya," na ce.

Ta gyaɗa kai ta kama hanya.

Ina komawa ciki na tarar Metok tana kuka.

"Mama, ita ce fa take rufe ƙofar ɗakin kwananmu ta ce mu yi hira da yarenmu!"

"Ta haka take gane waɗanda suka iya," na daka mata tsawa.

Da ƙarfi na faɗa, don in ji ko ni zan yarda. Rumbun Lodro yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Har yau ban sani ba ko ni na cece shi, ko kuwa yaro na hana jin maganar kakarsa.