Babbar Tukunya a Bayan Ƙofa

Ranar da na tare a ɗakin da na kama haya, kusa da asibitin da aka ɗauke ni aikin gwajin jini, Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ɗaki ne wanda in ka shimfiɗa katifa, sai ka nemi izininta kafin ka buɗe ƙofa. Ni kuwa na zo da kaya niƙi-niƙi: littattafan makaranta, takalman da rabona da su tun shekarata ta farko a makarantar, labule har uku don taga ɗaya.

"Wata guda na ba ki," in ji shi. "Ke da ba ki taɓa cin abinci ke kaɗai ba? Da ƙafarki za ki dawo gida."

Na ce Allah ya kai mu. Don haushi, nan take na hau rage kaya. Littattafai na bar wa ƙanwata, takalma da labule suka koma mota. Da na ɗauko babbar tukunyar da Umma ta cusa cikin kayan, wadda ake dafa abincin gidanmu kaf a cikinta, sai ta dafe hannuna.

"Wannan kam tana nan."

"Umma, a ina zan ajiye ta? Ko a ciki zan riƙa kwana?"

"Ki kwana a ciki in kin ga dama. Tana nan."

Haka tukunya ta samu mazauni a bayan ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da ita.

Aiki bai ba ni wuya ba, shirun ɗakin ne ya nemi ya kashe ni. Na tashi a gidan da ko wanka kake yi sai wani ya buga ƙofa yana tambayar inda ka ajiye caja. Ga ni yanzu a gidan haya, kowa ya dawo sai ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa. Tela ne a ɗakin farko, wata ma'aikaciyar banki a kusa da ni, direban bas da matarsa a can ƙarshe. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a kan tafiya. Na sayi 'yar ƙaramar tukunya amma ban taɓa ɗora ta ba. Burodi da shayi nake ci a bakin katifa, wani lokaci har da hawaye. Ban gaya wa kowa ba, amma kafin watan Yaya ya cika na fara ninke kayana cikin akwati. Gara dariyarsa da wannan shirun.

Ranar Asabar ɗin da na yi niyyar tafiya da yamma, na ce bari dai in dafa wani abu daga shinkafa da waken da aka kawo ni da su, kada in bar wa ɓeraye gado. Hankalina yana can kan ƙaryar da zan shirya a gida, hannuna kuma yana aikinsa. Shi kuwa hannun nan tun ina ƙarama awo ɗaya ya sani, na gidanmu. Ban farga ba sai da na ga shinkafar da na wanke ta cika roba, ƙaramar tukunya ko rabinta ba za ta ɗauka ba. An riga an jiƙa, ba ta komawa buhu. Na janyo ta bayan ƙofa ina tsaki, na fito da murhu tsakar gida saboda lungun girkina ya yi mata kaɗan.

Da abinci ya nuna na tsaya ina kallonsa, zai ishi 'yan ƙwallo har da alƙalin wasa. Zubar da abinci kuwa a gidanmu ya fi zagi muni. Na cika kwano na buga ƙofar matar direba, kunya kamar in nutse.

"Don Allah ki taimake ni, na yi kuskuren awo."

Ta leƙa tukunyar ta kwashe da dariya. "Baiwar Allah, taro kike yi babu gayyata?"

Ta ƙwala wa sauran kira. Ma'aikaciyar banki ta fito da miya, wai ita kaɗai take ta ci har ta gundure ta. Ashe ita ma kaɗaici ya ishe ta, da rediyo take hira. Tela ya ara mana tabarma, ya zauna bakin ƙofarsa da nasa kwanon yana ba mu labarin masu kawo ɗinki yau su ce jiya suke so. Sai da rana ta yi sanyi na tuna da akwati. Na buɗe shi na mayar da kayan inda suke.

Na kira Umma ina dariya, na ce ta zo ta ji wautar da 'yarta ta tafka. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta taya ni dariyar ba.

"Ni na koya wa hannun nan awo," ta ce. "Na san bai iya dafa na mutum ɗaya ba, na kuma san ba za ki zubar ba. Shi ya sa na iya juya baya na bar ki a can."

Na ce mata na gode. Na yi ta maimaitawa.

"Ya isa haka," in ji ta. "Tashi ki jiƙa tukunyar nan kafin ƙanzo ya bushe."