Ba Ciwon Ciki Ba Ne

Sau uku Jibirilu yana kai matarsa Zuhura asibitin unguwa, sau uku kuma suna dawowa da ƙwayoyin ciwon ciki a 'yar farar leda. Ita kuwa cikinta lafiyarsa ƙalau. Jinin al'ada ne ya zo mata ranar da ya saba zuwa, ya ƙi tafiya, har ya cika kwana talatin yana zuba.

Zuhura 'yar Maraɗi ce. Shekararta biyu a unguwar Nima ta birnin Accra, a ɗaki guda cikin wani gidan haya mai ƙofa goma sha huɗu, can bayan babbar kwata. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Twi, yaren mutanen garin, kuma wannan bai taɓa hana ta komai ba, domin a Nima da Hausa ake sayen tumatir, da Hausa ake faɗa a bakin famfo. Asibiti ne kaɗai inda take buƙatar aron baki. An ce akwai wata nas mai jin Hausa, amma layi bai taɓa kai su gabanta ba. Saboda haka bakin mijinta take ara.

Shi kuwa Jibirilu yana da Turanci, kada ma a yi masa ƙarya. Caja da gilashin waya yake sayarwa a mahaɗar Kawukudi, kuma in ka ji shi yana ciniki da masu motoci ta taga sai ka rantse a makaranta ya koya. Amma da zarar sun zauna gaban nas, labule kawai tsakaninsu da mutanen da ke kan benci, sai Turancin ya ƙanƙance. Zuhura takan sunkuyar da kai ta ce masa a hankali, "Malam, ka ce mata jinin bai tsaya ba." Shi kuma ya waiga ya dubi labulen, ya shafa tumbinsa, ya faɗi wata kalma guda. Nas ta rubuta, ta kira na gaba.

Zuwan farko Zuhura ba ta zargi komai ba. Na biyu ta yi mamakin yadda doguwar maganarta ke zama kalma ɗaya a bakinsa. Na uku ta kasa kunne ta kama kalmar, ta riƙe ta a ranta har gida.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne, mutumin nan ba wai bai san abin da ke faruwa ba ne. Shi ke ganin tana shanya zannuwa a bayan ƙofa don kada matan gida su ƙirga. Ranar da ta cika kwana goma sha shida ba ta salla, da ƙafarsa ya je wurin wani malami bayan la'asar, ya zayyana masa komai, domin can akwai kalmomin Larabci da mutum zai ɓuya a bayansu. Ya dawo fuska a sake ya ce, "Malam ya ce in ya wuce kwana goma sha biyar ba haila ba ce, jinin cuta ne. Ki yi wanka ki ci gaba da salla." Maganar salla ya ji, ya kawo ta gida cikakkiya. Cutar kuwa da malamin ya ambata da bakinsa, a ƙofar masallaci ya bar ta. Zuhura ta yi wankan, ta ci gaba da salla, daga baya ma a zaune take yi domin in ta ɗago daga ruku'u ɗakin juyawa yake.

Ranar kwana na talatin, da hantsi, ta fito ɗiban ruwa. Anti Luba na tsugune a bakin famfo tana kankare tukunyar wake da shinkafa da ta gama sayarwa. Luba haihuwar Maamobi ce, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, ta kai hamsin, ta binne miji ɗaya ta kori ɗaya, kuma Hausarta irin ta Zongo ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Zuhura ta sunkuya za ta ɗaga bokiti, sai ƙasa ta taso mata. Ba ta san lokacin da ta zauna cikin ruwan wanke-wanke ba.

Luba ta yar da soso, ta riƙo haɓarta, ta ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, 'yar Nijar, ina jininka ya tafi? Idonka fari fat kamar koko."

Zuhura ta janye haɓarta. A gidansu ba a faɗin abin nan. Ranar da ya fara zuwar mata tana 'yar shekara goma sha uku, gwaggonta ce ta miƙo mata tsumma ta juya baya, ba ta ce uffan ba. Uwarta har ta rasu ba ta taɓa furta sunansa a gabanta ba. Sai dai a ce wance ba ta salla, ko baƙonta ya zo. Sai Zuhura ta yi wa Luba tambayar da ke cinta.

"Anti, mene ne stomach?"

"Tumbi. Ciki. Wa ya ce cikinka na ciwo?"

Nan Zuhura ta gane. Wato duk zaman layin nan, duk ƙwayoyin da ta haɗiya da bismilla, maganin ciwon da ba ta da shi take sha. Kunyar ta gudu ta bar ta da fushi, sai ta faɗa wa Luba komai: kwanakin, gudajin da ke fita, zanin da take canjawa sau biyar kafin azahar.

Luba ta saki wata ashar da Twi wadda ta sa wata mata leƙowa ta taga. "Gobe ni zan kai ka. In ga wanda zai ce stomach a gabana."

"Malam ba zai yarda ba, Anti. Ya ce sirrin ɗaki ba ya fita tsakar gida."

"Sirri? Chale, abokina, in ka mutu, mu matan tsakar gidan ne za mu wanke ka, mu ga sirrin duka." Ta goge hannu a zaninta, ta jawo kujera 'yar tsugune. "To zauna. Ba sai ka iya Turanci duka ba. Biyar kawai zan ba ka, ka kai ma nas da bakinka."

Ta ɗaga yatsu tana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Period, shi ne al'adar. Heavy, wato da yawa yake zuba. One month, wata guda cur. Clots, gudajin. Dizzy, jirin da ke kayar da ita. Ta sa Zuhura ta maimaita, ta sake maimaitawa, tana gyara mata harshe tana yi mata tsiya. "Ɗaga murya. Kana magana kamar ka saci nama. Nas ɗin nan mutum ɗari yake gani a rana, ba ya da lokacin raɗa."

Abin da ya ba Zuhura mamaki, kalmomin ba su ƙona mata baki ba. Ba wanda ya taɓa harararta a kansu, ba gwaggon da ta juya mata baya saboda su. Sun shigo bakinta fes, kamar sunayen tashoshin da yaran mota ke kira. Ta yini tana jujjuya su, tana tankaɗe tana faɗa, tana kwance tana faɗa.

Da safe ta yafa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa. Jibirilu yana ɗaure jakar kayansa ya ce maganin wancan zuwan ai bai ƙare ba, kuma safiya ce lokacin ciniki. Ta ce, "Ko ka kai ni, ko Anti Luba ta kai ni." Ya ajiye jakar.

Sun tarar da layi har waje. Sai kusan sha ɗaya aka kira su, wurin wata nas mai gilashi wadda ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta karɓi kati ta yi tambaya. Jibirilu ya gyara zama, ya waiga ya dubi labule kamar yadda ya saba, hannunsa ya nufi tumbinsa.

"Madam, the stomach again."

"Period," in ji Zuhura.

Da ƙarfi ta faɗa, yadda Luba ta koya mata, har surutun bayan labule ya ɗauke. Nas ta ɗago.

"Period. Heavy. One month." Ta dafa tebur. "Clots. Dizzy."

"Zuhura, mutane na ji," in ji Jibirilu cikin raɗa, yana taɓa gefen mayafinta.

Ta janye mayafin. "Su ji. Wata guda kai kaɗai ke ji, me ka yi?"

Nas ta ajiye biro, ta zagayo, ta ja fatar idon Zuhura kamar yadda Luba ta yi, ta juya tafin hannunta ta duba. Sannan ta buɗe katin tana bin rubutun zuwa ukun da yatsa, ta juya kan Jibirilu. Zuhura ba ta fahimci ko kalma ɗaya daga abin da nas ta faɗa masa ba, amma ta ga mai gidanta, wanda ke tsayar da motoci da baki a Kawukudi, yana ta "yes madam, sorry madam", yana murza hula a hannu. Ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Daga nan komai ya yi sauri. Aka kawo keken marasa lafiya, aka ɗebi jininta a kwalba, aka kwantar da ita a ɗakin mata aka sa mata ruwa. Sai ga nas mai jin Hausar nan, ashe dai akwai ta, wata doguwa 'yar unguwar Kanda. Ta ce jinin jikinta ya yi ƙasa ƙwarai, dole a ƙara mata yau, kafin ma likita ya binciki abin da ke jawo zubar. Leda ɗaya ce ta irin jininta a ajiye, kuma ba za ta isa ba. Sai an kawo 'yan'uwa a gwada su, yanzu, ba da yamma ba.

Aka gwada Jibirilu, nasa bai dace da nata ba. Ya tsaya a gefen gadon ya kira wansa Ishawu, babban gidansu a nan Accra, mai shagon kayan gini a Kotobabi, wanda in ya ce a zo, mutum goma za su zo. Wayar Jibirilu ta lalace, ba a jin magana sai a lasifika, mai sayar da kayan waya ke nan. Don haka Zuhura ta ji komai.

Suka gaisa, aka tambayi kasuwa, aka tambayi gajiya. Sannan Jibirilu ya ce iyalinsa ce aka kwantar, ana neman masu ba da jini.

"Subhanallahi. Me ya same ta?"

Jibirilu ya dubi matar da ke gadon kusa, ya dubi nas, ya juya baya ya rage murya. "Ciwon ciki ne, Yaya."

"Ciwon ciki har da ƙarin jini? Kai dai mutanen asibitin nan ba su rasa abin faɗa. A jiƙa mata kanwa mana. Bari mu rufe shago, in sha Allahu bayan magariba ma leƙo."

Zuhura ta runtse ido. Shekara biyu ba ta taɓa haɗa ido da Yaya Ishawu ba. In ya zo gidan, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, ta ajiye ruwa ta ɓace. Ko sunansa ba ta faɗa. Kuma kalmomin Anti Luba ba za su yi mata aiki a nan ba, domin shi bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Abin da ya rage mata sai harshen da aka haife ta a ciki, wanda aka hana ta faɗin abin da shi tun tana 'yar goma sha uku.

Ta miƙa hannun da babu allura. "Ba ni wayar."

"Zuhura, Yaya ne fa."

"Na san ko wane ne. Ba ni."

Ya tsaya riƙe da ita. Nas 'yar Kanda ta zare wayar daga hannunsa ta ɗora wa Zuhura a kan ƙirji.

"Yaya, ni ce, Zuhura. Ina wuni." Ba ta rage murya ba. "Ba ciwon ciki ba ne. Jinin haila ne ya ɓalle mini, yau kwana talatin da ɗaya, gudaji-gudaji. Ƙaninka ya sani tun ranar farko, kunya ta hana shi faɗa. Sun ce jinina ya kusa ƙarewa. In kun bari sai bayan magariba, to ku taho da likkafani."

A cikin wayar ana jin ƙarar motocin Kotobabi da wani yana tambayar kuɗin siminti. Jibirilu ya zauna a bakin gadon da ba kowa, ya rufe fuska da hularsa.

Can sai aka ji Ishawu ya daka wa wani tsawa, ya ce ya ja ƙofar shago. Sannan muryarsa ta dawo kusa, ba gaisuwa, ba kwana-kwana.

"Mutum nawa suke so?"