Takwaran Baba

A wajen aiki Farfesa ake ce mata, a gida kuwa Auta. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin bincike, tana bin diddigin yadda ciwon hanta ke rikiɗewa ya koma ciwon daji. Rubuce-rubucenta sun shiga ƙasashen da ita kanta ba ta taɓa takawa ba, amma ba su tsallake ƙofar ɗakin Baba ba.

Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma ya daɗe da ƙwayar cutar hanta a jininsa. Auta ta yi lallashi, ta yi fushi, ta haɗa shi da yayyenta a kan ya riƙa zuwa ana duba shi. Ko gezau.

"Ke da na ɗauka a kafaɗa kina gudun kaza," in ji shi, "yau ke za ki gaya mini abin da ke cikina?"

Ciwon gwiwa ne ya kai shi asibiti a ƙarshe. Auta ta raka shi da kayanta na zaman gida, tana riƙe masa sanda da gorar ruwa. Suka tarar da wani sabon likita mai fara'a. Ya gama da gwiwa, ya duba bayanan Baba, sai ya gyara zama.

"Baba, akwai wani babban masani da ya yi nazari a kan masu irin ciwonka. Ya nuna cewa in ana gwada jini ana ɗaukar hoton hanta a kai a kai, ana kama daji tun yana ɗan mitsitsi." Ya juyo musu da fuskar kwamfuta. "Ka ga aikin nan. Ashe ma sunanku ɗaya."

Auta ta leƙa. Aikinta ne. Harafin farko na sunanta ne a jiki, sai sunan mahaifinta a cike, kamar yadda ta saba sawa.

Baba ya washe baki. "Takwarana ne? Yana raye?"

"Anya kuwa. Tun muna makaranta ake karanta mana shi. Ina jin ya kwanta dama."

"Allah ya jiƙansa," in ji Baba. "Masu sunan nan ba sa maganar banza."

Auta ta buɗe baki za ta yi gyara, sai ta ga Baba yana naɗe hannun riga da kansa, yana tambayar ina ake ɗibar jinin. Ta haɗiye maganarta.

"Amin," ta ce.

Daga ranar nan, sai ka ce marigayi ya tare a gidansu. Baba ya yi masa farin gemu da tabarau, ya ba shi tsayi da natsuwa. Ko wane magani aka miƙo, sai ya tambaya ko takwara ya yarda da shi. In Auta ta kawo masa shayi da sanyi, sai ya girgiza kai.

"Da kin samu zama a gaban marigayi, da kin koyi wani abu."

Takan cije leɓe ta koma kicin ta yi dariyarta.

Dariyar ta ɗauke ranar da hoton ya nuna ɗan ƙullutu a gefen hanta. Ta ga irinsa ba adadi, amma ba ta taɓa gani a jikin wanda ya haife ta ba. An yi sa'a bai yaɗu ba. Aka yi aiki, aka cire shi.

Baba na kwance yana murmurewa, babban likitan tiyata ya shigo zagaye, sabon likitan na biye da shi. Babban likitan na ganin Auta ya rusuna.

"Farfesa, ashe mahaifinki ne? Ai da aikinki muke koyar da yaran nan."

Sabon likita ya dubi sunan da ke jikin gado, ya dubi Auta, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Baba ya juyo ya dube ta.

"Wato ke ce marigayin?"

"Ni ce, Baba."

"Kika bar ni ina ta yi miki addu'a?"

"Ai ina so, shi ya sa nake amsawa."

Ya so ya ɓata rai, dariya ta ci ƙarfinsa, ya dafe wurin ɗinkin yana cije baki. Da ta lafa, ya yafito sabon likitan da hannu.

"Ɗana, daina sunkuyar da kai. Ni da na haife ta ma ban gane ta ba." Ya juya wajen Auta, idonsa ya ɗan kawo ruwa. "Farfesa, zo ki gyara mini matashin nan, wuyana ya ƙage."